Ba Cajin Waya Ke Cinye Kuɗin Wuta Ba

A gidaje da yawa, da zarar kuɗin mita ya ƙare da wuri, sai a hau yara da faɗa kan cajin waya da barin ƙwai a kunne. Alhali ba laifinsu ba ne. Ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 yana ci kafin ya cinye yunit ɗaya. Hitar dafa ruwa mai wat 1,000 kuwa, awa ɗaya ta ishe ta. Duk abin da ke yin zafi, dutsen guga, butar lantarki, rishon wuta, shi ke kwashe kuɗin.

Gwada da kanka. Kashe komai, ka jona hita kaɗai, ka dubi jar fitilar mitar: ƙiftawa take ba ƙaƙƙautawa. Cire hitar ka sa caja, sai ka gaji da jira kafin ta ƙifta.