Waiwaye: Me ya hana a samu ƙasusuwan halittun zamanin da a duwatsun Kano?

Masu haƙar rijiya a ƙauyukan Rano da Birnin Kudu sun san inda aiki ke ƙarewa: jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse, daga nan falalen da diga ba ta ci. A wajen Haɗeja da Gumel kuwa yashi da yumɓu ne hawa-hawa. Tun kafin masanin duwatsu J.D. Falconer ya wallafa bincikensa kan duwatsun Arewa a 1911, kafin kuma a kafa hukumar binciken ƙasa a 1919, mahaƙa sun riga sun rarrabe ƙasashen nan biyu da hannunsu.

Falalen Kano ya kai shekara miliyan 600. Narkewa ya yi a can ƙarƙashin ƙasa sannan ya daskare, wani kuma zafi da danniya suka sauya shi, don haka ƙashi ko ganye ba sa wanzuwa a cikinsa. Duwatsun kuza na Riruwai ma haka suke, duk da cewa ba su kai shi tsufa ba.

Sai a Sakkwato labarin ke daɗi. Teku ta taɓa ratsa Sahara ta kwanta a can, ta bar shimfiɗun duwatsu hawa-hawa bisa tsari, kowace da sunanta: Taloka a ƙasa, Dukamaje a kanta, sai Wurno, sannan Dange da Kalambaina. A shimfiɗar Dukamaje aka samu ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku. Wani masani ɗan Birtaniya, W.E. Swinton, ya bayyana shi a 1930, masanan Italiya kuma suka raɗa masa Goronyosaurus a 1972, da sunan garin Goronyo. Daga Dange zuwa sama babu shi, domin irinsa sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Kifaye da kadoji da dodon koɗi ne suka ci gaba, kuma farin dutsen Kalambaina mai cike da ɓawon dodon koɗi shi ake ƙonawa a yi siminti.

Abin da ke damuna shi ne, ƙashin da aka tsinta ba a lura da shimfiɗar da ya fito ba ya rasa rabin amfaninsa, tunda ita ke faɗin shekarunsa. Yashin gabashin Jigawa na kwarin Tafkin Chadi ne, 'yan shekaru miliyan kaɗan ke gare shi, kuma kullum ana huda shi da rijiya da burtsatse. Da mahaƙi zai ajiye abin da ya ci karo da shi, ya kuma tuna a gaba nawa ya same shi, da masanan jami'o'inmu sun samu abin aiki.