Waiwaye: Dokar Ilimi Kyauta Kuma Dole a Kano

Ranar 8 ga Yuni, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, inda ya ce yara sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama cikin aji don babu benci. Wannan kuwa a jihar da tuni aka shelanta cewa ilimi kyauta ne kuma dole. Shi ya sa duk ɗan majalisar jihar da zai ɗaga hannu a kan wani ƙudirin gyaran dokar ilimi ya kamata ya san inda aka faro.

A 1909 Baturen nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, Kano, galibi don 'ya'yan sarakuna da malamai. Tsangayoyi da makarantun allo da suka cika ƙasar aka bar su a wajen lissafin hukuma. Yammacin Najeriya ta soma firamare kyauta a 1955 ƙarƙashin Awolowo, Arewa kuwa sai da gwamnatin sojan Obasanjo ta kawo shirin UPE, na firamare kyauta ga kowa, a 1976. Yara suka yi tururuwa, malamai da azuzuwa suka kasa, shirin ya yi ta rarrafe har ya kwanta.

Obasanjo ya sake tayar da maganar a Sakkwato a 1999 da sunan UBE, wato ilimin matakin farko ga kowa, aka kafa mata doka a 2004: shekara tara na karatu, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Tarayya za ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigarta, amma jiha ba za ta taɓa rabonta ba sai ta ajiye kwatankwacinsa. Da yake makarantun a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kowace jiha ta yi tata dokar, ta kafa hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB.

A nan gizo ke saƙar. Dokar 2004 ta fayyace hukuncin uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. To idan uban ya kai yaron ya tarar da aji babu rufi, malami ɗaya yana fama da yara fiye da ɗari, wa za a kama? Dokar ba ta ambaci kowa ba. Sashe na 18 na tsarin mulki ma cewa ya yi gwamnati za ta ba da ilimi kyauta idan hali ya yi. Gaskiya ne a 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa ilimin matakin farko haƙƙi ne da ake iya nema a kotu, amma manomin Doguwa ko na Tsanyawa ina ya ga kuɗin lauya? Wannan rashin adalcin ya fi komai damuna a tarihin nan.

Tsangaya kuwa kowace gwamnati ta zo sai ta taɓa ta saki. Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, a 2012, aka gina irinta sama da 150, da yawansu suka lalace bayan an miƙa wa jihohi. Ganduje ya ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole har zuwa sakandare a 2019, ya haramta bara a Fabrairun 2020. Korona na shigowa, gwamnonin Arewa suka riƙa ɗibar almajirai a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu. Ba a jima ba yaran suka dawo. A Mayun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, a watan ne kuma Kano ta samu dokar kare haƙƙin yara, shekara 20 bayan ta tarayya.

Alaramman da ya yaye gardawa da mahaddata shekara da shekaru ba zai karɓi dokar da ta ɗauki almajirinsa a matsayin marar karatu ba, kuma yana da hujja. A ganina, duk ƙudirin da zai zo gaban majalisar Kano ya kamata ya yi wa tsangaya rajista a matsayin makaranta, ya ba ta abinci da malaman lissafi da Turanci. Ya ƙayyade yawan yaran da malami ɗaya zai riƙe, ya sa ranar da jiha za ta biya kasonta na kuɗin UBE kowace shekara, ya kuma faɗi jami'in da majalisa za ta kira ya amsa tambaya idan ranar ta wuce ba a biya ba.