Shin ɗaga ƙarfe yana tsumburar da yaro?

Duk wanda ya ratsa lungunan Gangare ko Anguwar Rogo ko Rikkos bayan la'asar ya san irin wuraren da nake nufi. An samo sandar ƙarfe, an cika bokitan fenti biyu da siminti an kafe su a bakinta, an girka bencin katako, samari suna karɓa-karɓa suna ɗagawa. A gefe kuwa ƙannensu ne 'yan shekara 10 zuwa 13 suke zuba ido, suna jiran manya su watse su ma su gwada. A aikina na ma'aikacin lafiya a matakin farko a nan Jos, tambayar da iyaye suka fi yi mini a kan wannan ita ce ko da gaske ne ɗaga ƙarfe yana tsumburar da yaro ya hana shi tsayi.

Tsoron yana da tushe. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro, kamar na cinya da ƙwauri da damtse, akwai wani sashe na guringuntsi wanda daga nan ne ƙashin yake ƙara tsawo. Sashen bai kai sauran ƙashin ƙwari ba, kuma ba ya rufewa ya zama ƙashi sai bayan balaga, galibi tsakanin shekara 14 zuwa 16 ga mata, ga maza kuma a ƙara kamar shekara biyu. Idan ya karye, girman wannan ƙashi yana iya samun matsala. Sai dai abin da ke karya shi shi ne faɗuwa, ko nauyin da ya fi ƙarfin yaro, ko ɗagawa ba bisa ƙa'ida ba babu mai lura. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi bayani a 2008, ta sake sabunta shi a 2020, cewa atisayen ƙarfafa tsoka da aka tsara daidai da shekarun yaro, kuma babba masani yana tsaye a kansa, ba ya hana tsayi. Abin da ke tsumburar da 'ya'yanmu mun san shi: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma babban sanadin hakan shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya tun suna ƙanana.

Kwanakin baya wani magidanci ya kawo mini ɗansa ɗan shekara 12 yana tafiya a karkace, ya dafe ƙugu. Yaron ya faki idon yayyensa ne ya sunkuya ya fizgo ƙarfen siminti daga ƙasa, ƙafafunsa a miƙe, bayansa a lanƙwashe. Uban ya ce, "Malam, ai na sha gaya masa wannan abu ba na yara ba ne." Na tambaye shi wa yake ɗebo ruwa a gidan, sai ya nuna yaron. Na ce, "Alhaji, jarka mai lita 25 kilo 25 ce cif, ta kusa kai nauyin yaron nan kansa, kuma a ka yake ɗaukar ta ya hau da ita tudu." Ya yi shiru. Wannan ne abin da ya fi damu na: muna tsoron atisaye mai tsari, alhali kullum muna ɗora wa yara kayan da suka fi ƙarfin wuyansu da gadon bayansu, daga jarka zuwa farantin talla zuwa buhun dankali, ba tare da mun lissafa shi a matsayin nauyi ba.

Akwai abin da ya kamata kowane yaro mai sha'awar ƙwanji ya ji daga bakin babba. Kafin balaga, atisaye yana ƙara wa yaro ƙarfi sosai, amma tsokarsa ba ta kumbura ta fito irin ta samari, domin sinadarin testostiron da ke gina tsoka bai wadata a jikinsa ba tukuna. Ƙarfin da yake samu yana zuwa ne daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, waɗanda suke koyon yadda za su tayar da zaruruwan tsoka masu yawa a lokaci guda, su kuma haɗa kan gaɓoɓi su yi aiki tare. Yaron da bai san wannan ba, idan ya duba madubi bai ga damtse ba, sai ya ɗauka nauyin ne bai isa ba, ya ƙara, kuma daga nan ake samun rauni.

Amfanin da ake nema ya fi ƙwanji daraja. Ƙashi yana ƙara ƙwari idan tsoka tana jan sa, kuma mafi yawan ƙwarin ƙashin da mutum zai rayu da shi har tsufa a shekarun ƙuruciya da tasowa ake tara shi. Tsoka mai ƙarfi tana riƙe gwiwa da idon sawu, saboda haka yaron da ke buga ƙwallo ba ya yawan targaɗe. Tana kuma taimaka wa jiki wajen sarrafa sukarin jini. Yaro mai ƙiba, wanda kullum shi ne na ƙarshe a tsere har ya fara gudun filin wasa, sau da yawa a nan ne yake gano abin da ya fi tsaransa, kuma na ga yadda hakan yake dawo masa da karsashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, kuma aƙalla kwana 3 a mako ya haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Binciken da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan awa guda, kuma mata sun fi maza baya. Don haka maganar nan ta shafi 'ya'yanmu mata, waɗanda muke zaunar da su da zarar sun fara tasawa, alhali a tsakar gida ma za su iya yin duk abin da ake bukata.

Yaro yana iya farawa daga shekara 7 ko 8, lokacin da ya iya tsayuwa daram ya kuma iya bin umarni. A wannan mataki nauyin jikinsa ya ishe shi: ya tsuguna ya miƙe, ya dafa ƙasa da tafin hannu ya sauke ƙirji ya ɗago, ya yi lilo a jikin ƙarfe, ya yi tsallen igiya. Langa da 'yar gala-gala da muka taso muna yi duk atisayen ƙafa ne na gaske. Idan ya ƙware, a ba shi abu mara nauyi, kamar gorar ruwa da aka cika da yashi, wanda zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 ba tare da jikinsa ya karkace ba. Idan ya kasa kaiwa 8, nauyin ya yi yawa. A yi sau 2 ko 3 a mako, a bar kwana guda tsakani domin tsoka ta huta, kuma kada a bari yara su yi gasar wanda zai ɗaga mafi nauyi sau ɗaya. A sanyin Jos, musamman a hunturu, a fara da minti 5 zuwa 10 na sassarfa da tsalle har jiki ya yi ɗumi. Ina kuma roƙon malamai su daina hukunta yara da tsallen kwaɗo, domin yaron da ya san motsa jiki a matsayin horo ba zai so shi ba idan ya girma.

Abinci na gida ya wadatar: wake, ƙwai, gyaɗa, awara, kifi, nono, tare da acca ko tuwo, da ruwa isasshe da barci. Yaro ba ya bukatar garin gwangwani na gina jiki. Ƙwayoyi da alluran ƙara tsoka da wasu ke sayarwa a ɓoye kuwa su ne masu hana tsayi da gaske, domin suna rufe wurin girman ƙashi tun lokaci bai yi ba, suna kuma lahanta hanta da zuciya. A kuma guji tiramadol da wasu samari ke sha wai don kada su ji gajiya.

Yaron da ke da ciwon zuciya, ko hawan jini, ko farfaɗiya, ko sikila, a kai shi wurin likita kafin ya fara, musamman mai sikila, wanda sanyi da ƙishirwa da gajiya mai tsanani suke iya tayar masa da ciwo. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba abin damuwa ba ne. Amma idan zafin a gaɓa yake ko a gadon baya, ko wurin ya kumbura, ko yaron yana ɗingishi, ko ya ji jiri ko ciwon ƙirji, a dakatar da atisayen nan take a kawo shi asibiti, kada a kai shi wurin mai ɗori a fara murza wurin kafin a ɗauki hoton ƙashin.