Dokar da ta ce a gasa katako kafin ya tsallaka iyaka

Injina, tayil, duwatsun gini, kayan gyaran mota, duk ba a zube ake loda su a jirgin ruwa ba. Ana jera su a kan shimfiɗar katako, ko a cikin akwatuna, ko a tokare su da gungume don kada su motsa a cikin kwantena. Katakon da ake wannan aiki da shi yawanci mafi arha ne, sau da yawa ɗanye, wani ma da ɓawonsa. A cikinsa tsutsar ƙwaro kan yi kwance tana ci, ba a ganinta daga waje, har kaya su sauka a wata nahiya. Can sai ta zama ƙwaro ta fito, ta tarar da itatuwan da ba su taɓa haɗuwa da irinta ba, kuma babu abokan gabar da ke rage yawanta a ƙasarta ta asali.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. A 1996 aka gano wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni ɗan asalin Asiya a birnin New York, kuma babu abin yi illa sare itatuwan da ya kama a niƙe su. A 2002 aka gano wani ƙwaro kore mai ƙyalli kusa da birnin Detroit, wanda ya kashe miliyoyin itatuwan da ake kira ash a Amurka da Kanada. A Fotugal kuwa, a 1999, wata tsutsa ce da ido ba ya gani ta ɓulla tana busar da itacen fain, bayan ta daɗe tana ɓarna a Japan.

Tushen dokar shi ne yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya, IPPC, wadda aka ƙulla a 1951 ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasashe sama da 180 ne a cikinta. A 2002 suka amince da ƙa'ida ta 15, wadda 'yan kasuwa suka sani da ISPM 15, aka kuma sabunta ta a 2009. Ƙa'idar ba ta da 'yan sanda nata na kanta. Kowace ƙasa ce ke shigar da ita cikin dokokinta, ta ɗora wa hukumarta ta kare tsirrai aiwatarwa.

Abin da ta ce a taƙaice shi ne, duk katakon ɗaure kaya da kaurinsa ya wuce milimita 6, sai an cire masa ɓawo an kuma kashe abin da ke cikinsa kafin ya bar ƙasa. Hanyar da aka fi bi ita ce zafi. Ana sa katakon a ɗakin gashi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 a ma'aunin salshiyos, ta zauna a haka minti 30 ba yankewa. A lura, tsakiyar katako ake nufi, ba iskar ɗakin ba. Shi ya sa ake huda katako mafi kauri a cusa ma'aunin zafi har cikinsa, domin saman katako na iya ƙona hannu alhali tsutsa tana zaune lafiya a ciki. Akwai kuma turarawa da iskar guba ta methyl bromide, sai dai tana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga zafin rana, Tarayyar Turai ma ta hana amfani da ita tun 2010. Ɓawo kuwa an yafe ɗan abin da ya rage in faɗinsa bai kai santimita 3 ba. Filawud da sauran katakon da aka haɗa da gam da zafi a masana'anta ba sa cikin dokar, don aikin da aka yi musu ya riga ya kashe ƙwarin.

Katakon da aka yi wa magani ana buga masa hatimi: alama mai kama da zangarniyar alkama da haruffan IPPC, sai haruffa biyu na ƙasa, lambar kamfanin da ya yi aikin, da alamar irin maganin, HT in zafi ne, MB in turarawa ce. Hatimin nan ya wadatar, ba a neman wata takarda daban. Ba a so a buga shi da ja ko ruwan lemo, don waɗannan launuka na kaya masu haɗari ne. Wanda ya canza fiye da kashi ɗaya cikin uku na katakon shimfiɗa, dole ya goge tsohon hatimi, a sake yin magani daga farko.

In jami'ai a tashar jiragen ruwa suka ga katako babu hatimi, ko suka ga ramuka da garin katako da ke nuna akwai mai rai a ciki, suna da ikon tsare kayan, su sa a yi wa katakon magani, a ƙone shi, a binne shi, ko a mayar da shi inda ya fito. Amurka mayarwa take yi, kuma kuɗin ba a wuyan gwamnati yake ba.

A ganina dokar ta yi daidai da ta ɗora nauyin a kan mai aikawa, domin da zarar ƙwaro ya shiga daji, da wuya a iya fitar da shi. Amma raunin ta a fili yake. Kwantenoni sun fi ƙarfin masu dubawa, kaɗan ake buɗewa, don haka komai ya rataya a kan gaskiyar mai hatimi. Ana samun hatimin bogi, ana samun ɗakin gashin da aka kashe wutarsa kafin lokaci don a rage kuɗin mai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma har yau ana kama tsutsa da ranta a cikin katako mai hatimi. Gyaran wannan yana hannun hukumar ƙasar da kaya suka fito, ita ce ke ba kamfani lamba, ita ce kuma za ta iya ƙwace ta.

Sannan ƙa'ida ta 15 katakon ɗaure kaya kaɗai ta shafa. Dashen itatuwa masu rai, waɗanda ba za a iya gasa su ba, da gungumen da ake sayarwa a matsayin haja, suna ƙarƙashin wasu ƙa'idoji, kuma ƙasar da za a kai su kan nemi takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar ƙasar da ta aiko su kafin ta bari a sauke.