Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi: Tambayoyin da Aka Yi Mini a Majalisa

Ilimin halittu nake koyarwa a wata sakandare a Zariya, shi ya sa a majalisarmu ta bayan la'asar a Tudun Wada duk tambayar da ta shafi jiki ni ake jefo wa. Kwanakin baya wani dattijon unguwarmu ya wayi gari ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, aka kwana biyu ana shafe-shafe a gida kafin a kai shi asibiti. Tun daga nan hirar ta koma kan ƙwaƙwalwa.

Malam, idan an ce jijiya, wacce ake nufi?

Hausa ta haɗa abu uku a suna ɗaya. Akwai jijiyar jini, wadda ake nema a hannu idan za a yi ƙarin ruwa. Akwai mai ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara. Sai ta uku, wadda muke magana a kai: farin zare mai kai saƙo, ba jini a cikinta, ɗan lantarki ne ke bi ta ciki. Cibiyarta ƙwaƙwalwa ce da lakar da ta sauko ta cikin ƙashin baya. Daga laka jijiyoyi ke fita bibbiyu, dama da hagu, har sau 31. Wasu 12 bibbiyu kuma daga ƙwaƙwalwa suke fita kai tsaye, su ke kula da gani, ji, shinshina, motsin fuska da haɗiya.

Ita kanta ƙwaƙwalwar me ke cikinta?

Ta babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa kamar bishiya, tana karɓar saƙo daga dubban 'yan'uwanta. Abin mamaki, ba sa manne da juna. Akwai ɗan tazara tsakaninsu, sai wani sinadari ya tsallaka da saƙon. Wani likitan Sifen, Santiago Ramón y Cajal, shi ya nuna cewa ƙwayoyin a rarrabe suke, ya samu kyautar Nobel a 1906. A wannan tazarar ce ƙwayoyin maye irin su tiramol da kodin suke yin ɓarnarsu.

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ce, amma kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa ita ke cinyewa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Jini ya yanke mata na 'yan mintuna, ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ya sa idan salansar babur ta taɓa ƙafata nake janyewa kafin in ji zafin?

Domin saƙon bai jira ƙwaƙwalwa ba. Yana isa laka, nan take ta umarci tsoka ta janye, sannan labari ya ƙarasa sama. Jijiyoyi mafi sauri suna kai saƙo wajen mita 100 ko fi a daƙiƙa ɗaya, masu kai raɗaɗin ƙuna kuwa ba sa wuce mita ɗaya ko biyu.

To tunani fa, a zuciya yake ko a ka?

Muna cewa "gabana ya faɗi" saboda a ƙirji muke jin abin. Amma tsoron a ƙwaƙwalwa ya fara, ita ta aika wa zuciya ta ƙara bugu, ta wasu jijiyoyi masu aiki ba da izininka ba, waɗanda ke tafiyar da narkar da abinci da gumi ko kana barci. Tun 1967 ake dashen zuciya, wanda aka yi wa kuma yana tashi da haddarsa da sanin iyalinsa.

Baba da ya shanye, me ya haɗa hannun dama da magana?

Jijiyoyin motsi suna tsallake juna a gindin ƙwaƙwalwa, don haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke juya ɓarin dama na jiki. A wajen yawancin mutane kuma wurin haɗa magana a hagun yake. A 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da ke fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai "tan". Da ya rasu aka duba, aka ga tabo a gaban ɓarin hagu. Abin da ya samu Baba ke nan: jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a hagu, hannun dama da harshe suka tafi tare.

Na san abin da ake faɗa, wai jifa ne ko iska ta buge shi a banɗaki. Abin da ya fi jawo wannan ciwo hawan jini ne, wanda ke shekaru a jiki ba ciwon kai ba jiri. Wannan ne ke ci mini rai, domin awon jini bai fi minti biyu ba a kemis ɗin unguwa. Idan kun ga baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a nemi mota a nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko babban asibiti mafi kusa, a lokacin. A yi addu'ar a cikin mota. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, haɗiya ma takan lalace, abin ya zarce huhu. A riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya.

Farfaɗiya ana ɗauka ta yawu?

Ko kaɗan. Lantarkin ƙwaƙwalwa ne ke tashi a hargitse lokaci guda, sai jiki ya bi. Takan biyo bayan wahalar haihuwa, buguwa a ka, sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da ita, kuma bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani yadda ya kamata. Na ga yarinya mai ƙoƙari da aka cire daga makaranta saboda ƙawaye suna gudunta, har yau abin bai bar ni ba. Idan mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe idan jijjigar ta lafa. Ba a cusa cokali a baki, ba a danne shi. Ta wuce minti 5, asibiti.

Jijiya idan ta tsinke tana haɗuwa?

Ta hannu ko ƙafa takan tofo a hankali, wajen milimita ɗaya a rana. Laka kuwa idan ta tsinke ba ta komawa. Shi ya sa hankalina ke tashi idan aka yi haɗari a Kwangila ko hanyar Samaru, jama'a da kyakkyawar niyya su sungumi mutum kamar buhu, kai na lilo. Ƙashin wuya na iya karyewa laka tana lafiya, ɗaukar ce ta ƙarasa ta. Idan yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, sauran su ɗora shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa, a ɗauke shi a miƙe.