Idan Aka Karɓi Gonarka Don Noman Rake, Me Doka Ta Ce?

Tun 2012 gwamnatin tarayya ta amince da babban tsarin bunƙasa sukari a Najeriya, wanda Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa ke kula da shi. Sharaɗinsa a taƙaice: kamfanin da ke son a ba shi izinin shigo da ɗanyen sukari daga waje da rangwamen haraji, dole ya nuna yana noman rake a gida. Shi ya sa manyan gonakin rake suke ta faɗaɗa a Numan ta Adamawa, Sunti ta jihar Neja, Lafiagi ta Kwara da Tunga ta Nasarawa. Manufar ba ta da laifi, domin mafi yawan sukarin da muke sha daga waje yake zuwa. To amma rake ba ya son tudu. Fadama yake so da bakin kogi, wato daidai inda magidanci ke samun shinkafarsa da damina, da rani kuma tumatir da albasa.

Wa ke da wannan fadamar a idon hukuma? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta amsa tun a sashe na 1: duk ƙasar da ke jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da manomi ke da shi haƙƙin zama da amfani ne. Amma kada wani ya ce maka rashin takarda ya sa ba ka da komai. Sashe na 36 ya ce wanda ake noma gonarsa ta karkara tun kafin dokar, ana ɗaukarsa tamkar ƙaramar hukuma ta ba shi wannan haƙƙin. Gonar gado gona ce, ko babu satifiket.

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin saboda maslahar jama'a, sashe na 51 kuma ya sa bunƙasa noma da masana'antu cikin ma'anar maslahar. Ta wannan ƙofa filayen rake suke bi. Sai dai dole a ba mai gona sanarwa a rubuce, kuma kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi ba tare da ita ba, ko wadda aka yi don kawai a miƙa filin wani ga wani mutum.

Wurin da ya fi damuna shi ne diyya. Sashe na 29 bai ce a biya kuɗin ƙasar kanta ba. Abin da ke kanta ake biya: gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona, bisa ƙimar da jami'in gwamnati ya yanke. Ka ƙaddara jami'in ya zo a watan Fabrairu da littafinsa. An riga an girbe, an kai dawa rumbu, babu abin da ya rage sai kututturen kara. Zai ƙirga mangwaro biyu, ɗorawa ɗaya da kuka, ya rubuta, ya wuce gona ta gaba. Gonar da ta ciyar da gida tun zamanin kaka, a takarda ta zama itace huɗu. Kuɗin ba zai kai baɗi ba, kuma daga ranar gidan da ke auna tsaba daga rumbu ya koma auna ta a kasuwa, da farashin watan Agusta. Mata su ne ke fara ji a jika, don daddawa da miyar kuka da kuɗin cefanen da suke samu daga lambu duk sun tafi tare da filin.

Idan ƙimar ba ta yi maka ba, sashe na 30 ya tura ka kwamitin rabon filaye na jiha, wanda gwamnan ne ya naɗa shi. Idan kuma filin na al'umma ne, gwamna na iya sa a biya ta hannun sarki ko wani asusu. Ku nemi a karanta jerin sunaye da adadin kowa a bainar jama'a.

Akwai sashen da ba a cika faɗa wa manoma ba, kuma a ganina ya fi kuɗin daraja. Sashe na 6(6) ya ce idan aka soke haƙƙin gonar da ake nomawa, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba mai ita wani fili don ya ci gaba da noma. Wajibi, ba alfarma ba. Dokar ba ta fayyace cewa sabon filin ya yi daidai da tsohon wajen ruwa da albarka ba, don haka kafin kowa ya dangwala yatsa, a je a taka filin da ƙafa, a ga ko fadama ce ko fako, a kuma rubuta girmansa da iyakarsa cikin yarjejeniyar.