Mene ne Inshorar Tafiya, Kuma Me Take Ɗauka Idan Bala'i Ya Afku?

Inshorar tafiya yarjejeniya ce tsakanin matafiyi da kamfani. Matafiyi ya biya wani abu kafin ya bar gida, kamfani kuma ya yi alƙawarin ɗaukar wasu nauye-nauye da aka rubuta idan an samu matsala a hanya: rashin lafiya, haɗari, soke tashin jirgi, ɓatan kaya. Abin lura shi ne wannan "da aka rubuta". Duk abin da bai shiga takarda ba, bai shiga alƙawari ba, komai girman asarar.

Da yawa sun fara jin kalmar ne wajen neman biza. Ƙasashen Turai na yankin Shengen ba sa ba da bizar gajeren zama sai mai nema ya nuna inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000. Shi ya sa ake ɗaukar ta tamkar wata takarda ce da ake haɗawa da fasfo, a sayi mafi arha, a cusa a jaka ba a karanta ba. Ga wanda zai je inda girgizar ƙasa, guguwa ko ambaliya suka saba afkuwa, wannan ganganci ne da rai da dukiya.

Tushen maganar shi ne inshora tana ɗaukar abin da ba a zata ba ne. Da zarar haɗari ya bayyana kowa ya sani, ƙofa ta rufe. Ɗauki misalin guguwar Tekun Atilantika, wadda lokacinta ke farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Kowace guguwa da ta yi ƙarfi ana raɗa mata suna. A wurin yawancin kamfanoni, ranar da aka raɗa sunan ita ce iyaka: wanda ya sayi inshora kafin nan yana da hujja, wanda ya saya bayan ya ji labari a rediyo ba za a biya shi asarar da wannan guguwar ta jawo ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kamfani zai duba kwanan watan da ke kan rasit ɗinka. Saboda haka lokacin sayen inshora shi ne ranar da ka biya kuɗin tikiti, ba ranar haɗa kaya ba.

Haka nan idan gwamnatin ƙasarka ta fitar da gargaɗin kada a je wani yanki, kai kuma ka tafi, takardun inshora da yawa suna daina aiki nan take. Tsoro kuwa ba dalili ba ne. In jirgi na tashi, otel na tsaye, kai ne dai zuciyarka ba ta kwanta ba, ba za a mayar maka da komai ba, sai in ka sayi nau'in da ke yarda a fasa tafiya kan kowane dalili. Wannan ya fi tsada, kuma wani kaso kawai yake mayarwa.

A Afrilun 2010 wani dutse ya yi aman wuta a ƙasar Aisilan, tokarsa ta rufe sararin samaniyar yawancin Turai kusan kwana shida, aka soke tashin jirage wajen 100,000. Mutanen da suka maƙale a filayen jirgi sun buɗe takardunsu suka tarar an ambaci "mummunan yanayi", amma ba a ambaci tokar dutse ba. Aka shiga jayayya kan ko toka yanayi ce ko ba yanayi ba. Don haka ka nemi kalmomin da idonka: girgizar ƙasa, aman wutar dutse, ambaliya, gobarar daji. In ba ka gan su ba, ka tambaya, kuma a ba ka amsa a rubuce.

Sashen da na fi damuwa da shi shi ne na kwashe majinyaci. Ranar 25 ga Afrilu, 2015, girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.8 ta afka wa Nepal, ta kashe kusan mutum 9,000. Asibitocin Katmandu, babban birnin ƙasar, sun cika har aka koma duba masu rauni a fili. A cikin tsaunuka hanyoyi sun toshe, wanda ya karye ba shi da mafita sai jirgi mai saukar ungulu. Kuɗin irin wannan ɗauka, balle jirgin asibiti da zai kai mutum wata ƙasa da likita a gefensa, yakan ninka kuɗin tafiyar gaba ɗaya sau da yawa. Nan ne inshora ke nuna amfaninta, nan ne kuma mai arha ke ba da kunya. Wasu takardun sun sa iyakar tsawon dutsen da aka yarda ka hau. Wasu suna kai ka asibiti mafi kusa ne kawai, ba gida ba. Kuma ɗaukar mara lafiya daban, fitar da mai lafiya daga yankin da ya rushe daban. Na biyun sau da yawa sai an saya shi a matsayin ƙari. Akwai kuma sashen mayar da gawa gida, wanda ba wanda ke son karantawa, amma iyali ne ke shan wahalarsa in babu.

Sai batun ciwon da ka riga kana da shi: hawan jini, ciwon sukari, asma, ciwon zuciya. Ka faɗa tun wajen saye, ko da kuɗin zai ƙaru. Wanda ya ɓoye, ranar da ya kwanta kamfani zai nemi bayanan likitansa, ya ƙi biya.

Inshora dai ba ta hana ciwo, shi ya sa shirin lafiya ke tafiya tare da ita. Ka ga likita mako huɗu zuwa shida kafin tashi, domin allurar rigakafi na buƙatar lokaci. Katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara, misali, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kodayake tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka tambayi likita game da taifot, ciwon hanta nau'in A, da tetanus, cutar da ke shiga ta rauni, domin bayan rushewar gini ƙusa da gilashi ne ko'ina.

Bayan bala'i, ruwa ne babban abin tsoro. Bututu ya fashe, masai ya haɗu da ruwan sha, sai gudawa da kwalara. Ruwan ambaliya na ɗauke da fitsarin ɓera, wanda ke sa zazzaɓi mai tsanani in ya shiga ta ƙaramin yanka a ƙafa. Inda ruwa ya kwanta kuma sauro ya samu gida, da zazzaɓin dengi ko na cizon sauro. Ƙwayoyin tsabtace ruwa, 'yan fakitin gishiri da sukari, man korar sauro da takalmi rufaffe ba su cika ko kusurwar jaka ba.

Maganin da kake sha kullum ka ɗauki na ƙarin mako ɗaya ko biyu, a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin, don sunan kasuwa yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Mai allurar insulin ya yi tunanin daren da wuta za ta ɗauke, firjin otel ya mutu, gari kuma ya yi zafi. Ƙaramar jakar sanyi ce za ta cece shi.

Lambar inshorarka da lambar layin gaggawa na kamfani ka rubuta su da biro a takarda, ka sa a leda, ka bar kwafi a hannun wani a gida. Waya takan mutu daidai lokacin da aka fi buƙatar ta. In ka isa asibiti kana iya magana, ka kira layin kafin a fara babban aiki, domin wasu asibitocin ba sa taɓa baƙo sai sun ga tabbacin biya, wasu kamfanonin kuma ba sa biyan abin da ba su amince da shi ba tun farko. Ka adana kowane rasit, har na motar da ta kai ka, ka kuma karɓi takardar kamfanin jirgi mai nuna dalilin soke tashi kafin ka bar filin.